IN BAKI YA CI, IDO KAN JI KUNYA: TUNANI A KAN DOKA TA TAKWAS



Tun muna ajin katekizim muka haddace cewa Doka ta Takwas ta hana mu shaidar zur. In an ambaci wannan doka, abin da ke faɗo wa yawancinmu a rai shi ne kotu da alƙali, da mutumin da ya ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki ya rantse a kan abin da bai gani ba. Amma akwai wata tambaya da ta fi wannan wuya, wadda ya kamata kowane Kirista ya auna da lamirinsa: shin mutum zai iya zama mai shaidar zur alhali kuwa kowace kalma da ta fito daga bakinsa gaskiya ce?

Domin mu sami amsa, zan ɗauko misali daga nesa, wato daga mujallun da ake bugawa a Amurka da Turai domin masu jiragen ruwa, da yadda suke ba da labarin sababbin injinan da ke tura jirgi. Wani zai ce, ina ruwanmu da mujallun attajiran wata ƙasa? Ruwanmu biyu ne. Na fari, irin injinan da waɗannan kamfanoni ke ƙerawa su ne ke rataye a bayan kwale-kwalen da ke fito da mutanenmu a Yawuri da Lokoja da Ibi da Numan. Na biyu, mutum ya fi yin hukuncin adalci a kan laifin da ke nesa da shi. Shi ya sa annabi Natan, da ya je wurin sarki Dawuda, ya fara da labarin tunkiyar wani matalauci kafin ya nuna wa sarki kansa.

YADDA MUJALLA KE SAMUN ABINCINTA

Mujalla irin wannan tana da ƙofa biyu da kuɗi ke shigo mata. Ɗaya ita ce abin da mai karatu ke biya. Ɗayar kuma ita ce abin da kamfanoni ke biya domin a buga musu talla, kuma a yawancin irin waɗannan mujallu wannan ƙofar ce ta fi faɗi. Masu ba da tallar ba su da yawa. Kamfanonin da ke ƙera manyan injinan da ake ratayawa a bayan jirgi ana iya ƙirga su da yatsun hannu: Yamaha, Mercury, Suzuki, Honda, Tohatsu. Editan da ya ɓata da ɗaya daga cikinsu ya san ba shi da wani da zai maye gurbinsa gobe.

In kamfani ya ƙera sabon inji, yakan gayyaci marubuta su zo su gwada. Sau da yawa shi ke biyan kuɗin tafiya da masauki da abinci. Injin sabo ne fil, kanikawan kamfani sun duba shi tun da asuba, kamfani ne kuma ya zaɓi jirgin da ruwan da za a yi gwajin. Marubuci yakan yi sa'o'i kaɗan yana auna gudu, da yawan man da inji ke sha, da ƙararsa, ya koma ya rubuta abin da ya gani. Bai ƙara ko lamba ɗaya ba. Amma mutumin da zai kwashe abin da ya tara ya sayi injin, tambayarsa dabam ce. Yana so ya sani ko bayan shekara biyu wannan inji zai komo da shi gida da iyalinsa in hadari ya taso, ko akwai bakaniken da ya san kansa, ko kuma za a sami kayan gyaransa. Gwajin rabin yini ba ya amsa ko ɗaya daga cikin waɗannan.

ABIN DA YA FARU DA WANI SABON INJI

Ga misalin da ya nuna nauyin wannan magana. Tsofaffin injinan jirgi irin waɗanda ake gauraya musu fetur da baƙin mai suna da ƙarfi da sauƙin gyara, amma suna zubar da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na mansu cikin ruwa da iska ba tare da ya ƙone ba. A shekarar 1996 hukumar kare muhalli ta Amurka ta kafa doka cewa daga 1998 zuwa 2006 dole a rage wannan ƙazanta da kashi 75 cikin ɗari. Sai kamfanoni suka shiga rige-rigen fito da sabuwar dabara.

Kamfanin Outboard Marine Corporation na garin Waukegan a jihar Illinois, mai injinan Evinrude da Johnson, ya ɗauko wata dabara daga Jamus mai suna Ficht. Dabarar ita ce wata 'yar na'ura mai kwamfuta ta riƙa fesa fetur kai tsaye cikin silinda a daidai lokacin da ba zai tsere ta hanyar hayaƙi ba. Tunanin mai kyau ne, kuma a ranar gwaji injin yakan nuna ƙarancin shan mai da ƙarancin hayaƙi. Wajen 1997 aka fara sayar da shi. Bayan masu saye sun yi watanni suna aiki da shi, musamman masu yawan tafiya a hankali irin masunta, sai matsaloli suka bayyana a injinan farko da dama: kunkunniya tana taruwa a ciki har inji ya lalace. Kuɗin gyara a ƙarƙashin garanti ya yi wa kamfanin nauyi, amincin da mutane ke ba shi ya zube. A watan Disamba na 2000 kamfanin ya karye, dubban ma'aikata suka rasa aiki ana shirin Kirsimeti. Injin ba shi kaɗai ne sanadin karyewar ba, amma yana cikin manyan dalilan. A 2001 kamfanin Bombardier na Kanada ya sayi sunayen biyu, ya gyara dabarar, ya ci gaba da ƙera Evinrude har zuwa 2020 da aka daina.

Ban kawo wannan labari domin in ɗora wa wata mujalla laifi da suna ba. Darasin da ke ciki shi ne, aibin da ya karya kamfani ya cuci masu saye irin aibin nan ne da ba ya fitowa a ranar da kamfani ya shirya domin baƙi. Yakan fito daga baya, a bakin kanikawa da wasiƙun masu karatu. A wannan lokacin ne ake sanin ko edita bawan wane ne: zai buga abin da kanikawa ke faɗa, ko zai duba shafin talla da ke bangon mujallarsa ya haɗiye maganar?

A zamaninmu gwajin ya komo da sabuwar riga, wato injinan lantarki masu aiki da batir. Kamfanin Torqeedo na Jamus ya fara a 2005, Yamaha ya saye shi a 2024, Mercury kuma ya fito da nasa mai suna Avator a 2023. Waɗannan injina ba su da hayaƙi, ba sa zubar da mai a ruwa, kuma duk wanda ya ji kiran da marigayi Paparoma Fransis ya yi a 2015 kan kula da halittar Allah zai yi murna da su. Sai dai kilo ɗaya na fetur yana ɗauke da ƙarfin da ya ninka na kilo ɗaya na batir sau da dama, ruwa kuma yana ƙara danne jirgi sosai gwargwadon ƙaruwar gudunsa. Saboda haka batirin ƙaramin inji da zai yi sa'o'i masu yawa ana tafiyar hawainiya yana iya ƙarewa cikin sa'a guda, ko ƙasa da haka, in an buɗe masa wuta duka. Marubuci na iya buga lambar farko da manyan baƙaƙe, ya bar ta biyu. Lambar da ya buga gaskiya ce. Amma mutumin da iska ta juyo masa a tsakiyar tafki, yana bukatar dukan ƙarfin injinsa domin ya kai gaɓa, lambar da aka ɓoye masa ita ce ke riƙe da ransa.

SHIN KUƊI NA RUFE BAKI DA GASKE?

Kada a ce zargi ne kawai irin na masu mugun zato. An auna abin a wasu fannoni na aikin jarida. A 1992 Kenneth Warner da abokan aikinsa suka buga bincike a mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine, inda suka nuna cewa mujallun Amurka da ke karɓar tallar taba sun fi ƙarancin rubutu a kan illar shan taba, musamman mujallun mata. A 1997 jaridar Wall Street Journal ta tona cewa kamfanin motoci na Chrysler ya bukaci mujallun da yake ba talla su riƙa sanar da shi tun kafin bugu in za su fitar da wani rubutu mai jawo ce-ce-ku-ce. Da editoci suka haɗa kai suka ƙi, kamfanin ya janye bukatar a shekarar. A 2005 General Motors ya janye tallarsa daga jaridar Los Angeles Times na 'yan watanni, yana cewa akwai kurakurai a rahotanninta, bayan mai sharhin motoci na jaridar ya soki kamfanin. In haka na faruwa da manyan jaridu masu ɗaruruwan masu ba da talla, yaya ƙaramar mujallar jiragen ruwa wadda cikinta ke hannun kamfanoni ƙalilan?

Mafi yawan lokaci ma ba sai an yi barazana ba. Kakanninmu sun riga sun gane wannan da suka ce in baki ya ci, ido kan ji kunya. Wanda ya kwana a masaukin da ka biya, ya ci a teburinka, ya saba da 'ya'yanka, alƙalaminsa zai yi laushi da kansa. Zai kira babban aibi ɗan abin da za a gyara nan gaba. Zai ce ai ba a tabbatar ba tukuna, a jira. Sannu a hankali har ya daina ganin abin da bai kamata ya faɗa ba. Shi ya sa Littafin Maimaitawar Shari'a, sura 16, ya gargaɗi alƙalan Isra'ila cewa toshi yana makantar da mai hikima ma. Tun kafin toshi ya taɓa harshen mutum ya riga ya taɓa idonsa.

ABIN DA IKILISIYA KE KOYARWA

Waliyi Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya yi nazarin wata tambaya da ta yi kama da tamu: ko wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin kayansa. Amsarsa ita ce, in aibin a fili yake, kamar doki mai ido ɗaya, ba lalle ne mai sayarwa ya yi shelarsa ba, muddin ya rage kuɗin daidai da aibin. Amma in aibin ɓoyayye ne, kuma zai jawo wa mai saye hasara ko haɗari, kamar gurgun doki da aka sayar a matsayin mai gudu, ko gidan da ke shirin rushewa, to shirun mai sayarwa ya mai da cinikin zamba, kuma alhakin hasarar na wuyansa.

Mu lura da kyau. In wannan nauyi yana kan mai sayarwa, wanda kowa ya san ribarsa yake nema, to nauyin da ke kan marubuci ya fi haka. Mai karatu in ya ga shafin talla ya san talla ce, yakan rage wani abu daga yabon da ke ciki, kamar yadda muke yi da mai maganin da ke tallar garinsa a tasha. Amma in ya buɗe shafin da aka rubuta cewa mun gwada wannan inji, yakan ajiye garkuwarsa, domin ya ɗauka mai maganar nasa ne. Marubucin da ya sa rigar shaida alhali yana aikin dillali ya yi amfani da amincin da aka ba shi domin ya sayar da wanda ya amince da shi. A nan ne amsar tambayarmu take. I, mutum na iya yin shaidar zur da kalmomin gaskiya zalla, in ya zaɓe su ya jera su domin mai ji ya gaskata abin da shi mai faɗin ya san ba haka yake ba. Allah yana duban hoton da muka yi nufin bari a zuciyar ɗan'uwanmu.

Annabi Ezekiyel, a sura 33, ya ba da misalin mai tsaro da aka ɗora a kan ganuwa. In ya hango abokan gaba bai busa ƙaho ba, har aka kashe wani, za a nemi jinin mamacin a hannunsa. Mai tsaron bai yi ƙarya ko ɗaya ba, shiru kawai ya yi. Amma da yake an ɗora shi can domin ya yi magana, mutanen gari sun ɗauki shirunsa a matsayin albishir cewa lafiya lau.

Ikilisiya ta yi wannan magana ga zamaninmu kai tsaye. Katekizim na Ikilisiyar Katolika na 1992, a bayaninsa na Doka ta Takwas, ya koyar cewa jama'a na da haƙƙin samun labari na gaskiya, kuma 'yan jarida na da wajibin yi wa gaskiya hidima. Ran 22 ga Fabrairu 1997 kuma, Majalisar Paparoma mai kula da kafafen sadarwa, ƙarƙashin Babban Bishop John Foley, wanda shi kansa tsohon editan jaridar dayosis ne a Filadelfiya, ta fitar da takarda a kan ɗa'ar talla. Takardar ba ta haramta talla ba, ta ma yaba da amfaninta wajen sanar da mutane sababbin kaya. Amma ta yi kashedi cewa ana iya karkatar da gaskiya ta hanyar ɓoye abin da ya kamata a sani, kuma dogaron kafafen labarai a kan kuɗin talla yana ɗora nauyi mai girma a kan mai bayarwa da mai karɓa duka.

HUJJOJIN ƊAYA ƁANGAREN

Adalci ya bukaci mu saurari editan. Zai ce in babu talla mujallar za ta mutu, ma'aikata su rasa abinci, mai karatu kuma ya rasa ɗan abin da yake samu. Wannan gaskiya ne, kuma ba zunubi ba ne a karɓi talla. Zunubin yana farawa ne daga inda aka bar kuɗin talla ya tsallaka ya shiga shafin hukunci. Zai ce kuma sabuwar dabara kamar jariri take, in aka yi mata dukan tsiya tun tana rarrafe ba za ta girma ba. Haka ne, amma wanda ya kamata ya ɗauki nauyin renon shi ne kamfanin da zai ci ribar, ko mai sayen da ya shiga da idonsa a buɗe. Ba daidai ba ne a mai da mutum abin gwaji da kuɗinsa ba da saninsa ba. Zai ƙara da cewa bai kamata a ɓata sunan kamfani a kan jita-jita ba. Wannan ma koyarwar Ikilisiya ce, domin Doka ta Takwas ta hana ƙazafi da yanke hukunci da gaggawa. Sai dai maganin jita-jita bincike ne. Editan da ya ƙi bincike domin yana tsoron abin da zai tarar, ya riga ya san amsar a zuciyarsa.

Hanyar gaskiya kuwa a buɗe take, ko da tana da tsada. Marubuci na iya faɗin wanda ya biya masa tafiya, da sa'o'in da ya yi da injin, da abin da gwajinsa bai iya nunawa ba. Yana iya komawa bayan shekara ya tambayi masu saye da kanikawa, ya buga abin da suka ce. Wasu ma sun zaɓi rufe ƙofar talla ɗungum: mujallar Consumer Reports ta Amurka tun daga 1936 ba ta karɓar talla daga kamfanoni, kuma da kuɗinta take sayen kayan da take gwadawa.

Muna kuma da wanda ya biya farashin da ya fi kuɗi. Fada Titus Brandsma, ɗan ƙungiyar Karmel a ƙasar Holan, shi ne ya zaga ofisoshin jaridun Katolika da saƙon bishop-bishop cewa kada su buga tallace-tallace da farfagandar 'yan Nazi, ko da za a rufe su. Aka kama shi a watan Janairu na 1942, aka kashe shi a sansanin Dachau ran 26 ga Yuli na shekarar. Ikilisiya ta ɗaukaka shi Waliyi ran 15 ga Mayu 2022.

MU KUMA FA?

Yanzu bari mu komo gida, kamar yadda Natan ya komo kan Dawuda. Kowannenmu akwai ranar da yake zama shaida ga wanda ya amince da shi. Ɗan jaridar da ya karɓi ambulan bayan taro ya kira shi na goro. Bakaniken da aka ɗauka ya duba mota kafin a saya, alhali mai sayarwa ya riga ya yi masa alkawarin la'ada. Mai kemis da ke tura mara lafiya ga maganin da ya fi kawo masa riba. Dattijon da aka aika binciken gidan da za a ba da 'ya aure, ya ci ya sha a can, ya komo ya ce bai ga komai ba. Mai jirgin fito da ya san injinsa na tari tun jiya, ya yi shiru domin yau ranar kasuwa ce. Har da mu da ke tsayawa a bagade da katekis da shugabannin majalisar Ikilisiya: in wanda ya saya mana kwanon rufin coci shi ne ke danne albashin ma'aikatansa, wa'azinmu zai taɓa wannan zunubi, ko za mu tsallake shi kowace Lahadi? Kowa ya ci ladan kuturu, an ce, dole ya yi masa aski. Saboda haka mai hikima yakan duba hannun da ke miƙo masa kyauta, ya tambayi kansa irin askin da za a nema daga baya.

Akwai kuma darasi ga mai sauraro. A Ayyukan Manzanni sura 27, Bulus ya gargaɗi waɗanda ke kai shi Roma cewa tafiyar na da haɗari, amma jarumin sojan da ke tsaronsa ya fi yarda da matuƙin jirgin da mai jirgin. Ƙarshenta jirgin ya farfashe a gaɓar tsibirin Malta, mutum 276 da ke ciki suka tsira da rai kawai, da jinƙan Allah. Kafin mu ɗora dukiyarmu ko ranmu a kan shawarar wani, ya halatta mu tambaya cikin ladabi: wa ke ciyar da mai wannan shawara?

Saboda haka, 'yan'uwa, in mun zo binciken lamiri kafin Sakramentin Tuba, kada mu tsaya a kan ƙaryar da muka furta kaɗai. Mu tambayi kanmu gaskiyar da wani ke da haƙƙin ji daga gare mu, muka riƙe ta domin abin da muka ci ko muke sa ran ci. In shirunmu ya jawo wa wani hasara, tuba ta gaskiya ta haɗa da gyara abin da za a iya gyarawa.

Bari Ubangijinmu Yesu Kristi, wanda ya tsaya gaban Bilatus ya shaidi gaskiya har ya ba da ransa, ya ba mu ido mai gani da baki mai faɗi. Waliyi Titus Brandsma, ka yi addu'a dominmu. Amin.